An Yi wa Hanya Kwalliya

Halvard, direban tankar madara, bai hau motarsa ba bayan ya gama zuƙe madarar shanun Gunnvor a safiyar nan. Ya naɗe tiyo, ya goge hannu a cinyar wando, ya tsaya yana kallon dutsen da ke bayan ɗakin shanu kamar yau ya fara ganinsa. Duk wanda ya san mazan Rognedal ya san in ɗayansu ya tsura wa dutse ido, akwai maganar da yake jin nauyin faɗa.

"Faɗi mana," in ji Gunnvor. "Dutsen ba zai taya ka ba."

"Kamfanin madara ya yanke magana," ya ce. "In ba a gyara kwanar rafi kafin dusar ƙanƙara ta sauka ba, tanka ba za ta ƙara hawowa nan ba."

"Kamfani ne ya yanke, ko kai ka kai ƙara?"

"Ni na kai. Bara tayar baya ta leƙa rami, a gabanki aka yi. Ina da 'ya'ya, Gunnvor."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Gonarta ce ta ƙarshe a kwarin, daga ita sai duwatsu da tumakin da suka ɓata. Shanu goma sha huɗu gare ta, ita kaɗai take tatsarsu tun da mijinta ya rasu, 'yarta kuma ta tafi birni ta ce warin taki na sa mata ciwon kai. Madara ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira kasuwa. In tanka ba ta zo ba, ba a sayen madara, don kamfani ba ya karɓar wadda aka ɗebo a jarka. In kuwa ba a sayen madara, shanun sun tashi daga dukiya sun zama bakuna goma sha huɗu masu cin ciyawa, dole a rabu da su.

Kwanar rafi wuri ne da hanya ke lanƙwasa a gefen tudu, rafi ya ratsa ta ƙarƙashinta cikin wani bututun ƙarfe da aka binne tun zamanin kakan Gunnvor. Bututun ya yi tsatsa, ya lotsa. Ruwa ya daina bi ta cikinsa ya koma cin ƙasar da ke gefe, kowace shekara kafaɗar hanyar na ƙara zaftarewa. Ƙaramar mota tana lallaɓawa ta wuce. Tanka cike da madara, a kan santsin hunturu, wannan wata magana ce.

Hanyar kuwa ta hukumar lardi ce. Haka allon da ke bakinta ya ce, haka kuma masu karɓar haraji suke tuna wa mutane kowace shekara ba fashi. Gunnvor ta buga musu waya har ta haddace kiɗan da suke saka wa mai jira. Wanda ya ɗauka sai ya tura ta ga wanda ke hutu. Wanda ke hutu ya dawo ya ce ai an ba ɗan kwangila. Ɗan kwangila ya ce shi sharar ƙanƙara aka ba shi, ba tonon rami ba. Shekara da shekaru ana wasa da ita kamar ƙwallo, kowa cikin ladabi, kowa da "mun gode da kika kira". Da zagi suke yi da ya fi mata sauƙi, da ta san da wanda take faɗa.

Amma naci yana da ranarsa. Duk kaka, kafin sanyi ya kama, lardi na tura mai duba hanyoyi ya zagaya ƙauyuka ya ga waɗanda suka fi lalacewa, a gyara su kafin ƙasa ta daskare. Bana dai sunan Rognedal ya shiga zagayen. Aka ce mata wata Turid Aune za ta zo ranar Litinin.

Gunnvor ba ta taɓa son ruwan sama kamar a wannan makon ba. Kullum bayan tatsa sai ta gangara kwanar rafi ta tsaya tana kallon ramuka cike da ruwan taɓo, da bakin bututun da ya wage, da ɓangaren hanyar da ya rataya babu komai a ƙarƙashinsa, ranta fes. Hanyar ba ta taɓa muni haka ba. Ko makaho aka kawo, da sandarsa zai gane.

Kuskurenta ɗaya: murna ta sa ta yi maganar a kanti, a gaban Borghild, maƙwabciyarta da ba ta iya riƙe magana.

Mu mutanen kwarin nan muna da wata cuta, kuma ba na jin za mu warke. Ba ma iya barin baƙo ya ga kashinmu. Matar da ta ɗauki mai shara sai ta share gidan tas kafin mai sharar ta iso. Mutum zai karye a ƙafa, likita ya tambaye shi yaya jiki, ya ce ɗan targaɗe ne. A wurinmu kuka abin kunya ne, roƙo ya fi shi, in kuwa abu ya lalace sai a kira gayya, kowa ya fito da shebur, mata su kawo gahawa da waina. Da gayya aka gina makaranta, da gayya aka yi wa coci rufi. Abin alfaharinmu ne, kuma ba ƙarya, abu ne mai kyau. Sai dai abu mai kyau ma in ya faɗa inda ba gurbinsa ba, yana iya tsone wa mutum ido.

Ranar Asabar da hantsi Gunnvor na ɗakin shanu, hannu dumu-dumu, wata karsana na naƙudar fari, sai ta jiyo rurin taraktoci daga ƙasa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta fito da gudu ko hannu ba ta wanke ba, ta faɗa mota.

Da ta iso kwanar rafi sai ta tarar da kwarin kaf. Eilif, maƙwabcinta na ƙasa, yana juye tsakuwa daga tirela. Maza na bajewa da shebur. Mata sun kafa tebur a gefen hanya, an jera filas-filas na gahawa da tulin waina da cuku. A tsakiya kuwa, da hular ulu da sanda yana nuna inda za a zuba, ga Oddmund, yayan mahaifiyarta, shugaban ƙungiyar kwarin tun kafin ta yi aure. Ya haura tamanin, amma muryarsa ba ta san da haka ba.

"Kawu! Me nake gani haka?"

"Gayya mana. Idon naki ya samu matsala ne?"

"Wa ya sa ku?"

"Sai an sa mu? Baƙuwa za ta zo daga lardi jibi. So kike ta tarar da hanya kamar bakin tsohuwa, nan haƙori nan wawulo?"

"Ai abin da na kira ta ta gani ke nan!"

"Ta gani, ta koma birni ta ce mutanen Rognedal na zaune sun naɗe hannu hanyarsu na ruɓewa?" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ba da raina ba, 'yar nan. Ubana da hannunsa ya fasa duwatsun hanyar nan."

"To ubanka zai zo ya kwashe mini madara?"

Shebura suka tsaya. A Rognedal ba a ɗaga murya, balle a ambaci mamaci da gatse. Borghild ta matso da faranti, fuskarta cike da tausayi irin wanda ke sa mutum ya ji kamar ya fasa wani abu.

"Haba Gunnvor, don ke fa muke yi. Mun ce aiki ya yi miki yawa, ke kaɗai da shanu, shi ya sa ba mu gaya miki ba. Ungo waina, da zafinta."

"Borghild, ku saurare ni don Allah. In matar nan ta ga hanya lafiya, ba za su gyara ba. Tsakuwar nan ba za ta riƙe komai ba, bututun ne ya mutu. Kuna rufe gyambo da hoda!"

"Za mu gaya mata da baki," in ji Oddmund. "Mutum mai mutunci da baki yake bayani, ba da tsumma ba."

Gunnvor ta taka ta tsaya a gaban taraktar Eilif, ta harɗe hannu. Ta ce ba mai ƙara zuba ko cokali ɗaya sai ta kanta. Da a wani gari ne da an yi cacar baki, da ma an ji daɗi. Nan kuwa Eilif ya kashe inji a hankali, ya sauko, ya zuba gahawa. Kowa ya zuba gahawa. Suka tsaya suna kurɓa, maza na kallon dutse, mata na kallon takalmansu, ba wanda ya ce mata ci kanki. Sun san akwai karsana mai naƙuda a sama. Ita ma ta sani. Ta daure iya daurewa, har ta fara jin kukan karsanar a kunnenta ko da ba ya isowa nan, sannan ta juya ta shiga mota ta buga ƙofa.

Maraƙin ya zo a juye, ya cinye mata wunin. Da ta sake gangarowa da yamma, an gama an watse. Ramuka sun ɓace. Kafaɗar da ta zaftare an cike ta an daddaɓe, har ta fi da faɗi. Bututun dai ba mai iya taɓa shi da shebur, saboda haka sai suka jera wa bakinsa duwatsu masu kyau, suka shimfiɗa ciyawa a kai. An yanke ciyawar gefen hanya. Wata mai himma, kuma Gunnvor ta san ko wace ce, har ta shafa wa duwatsun kwanar farin fenti.

Washegari Lahadi ta hau taraktarta da niyyar ta je ta kankare abin duka. Ta zauna, makulli a hannu. Amma ranar Lahadi ba a tayar da inji a kwarin nan, ko injin yankan ciyawa. Kuma ta tuna yadda ta ga Borghild da ciwon ƙugunta tana tura baro, da tsohon da ke nishi a kan sandarsa. Gumin mutum ashirin ne a shimfiɗe a can. Ta zagi kanta, ta zagi kwarin, ta sauko daga taraktar ba ta tayar ba.

Ranar Litinin Turid Aune ta iso cikin farar motar lardi. Ba sakarya ba ce, a ba ta haƙƙinta. Takalmin robarta da taɓo na gaske, idonta kuma na wadda ta ga hanyoyi da yawa. Ta tarar da rabin kwarin na jiranta cikin rigunan zuwa coci, an sake kafa tebur.

"Nan ce kwanar da aka ce ta ruguje?" ta tambaya tana dube-dube.

"Nan ce," in ji Gunnvor.

Turid ta taka tsakuwar, ta ɗan yi tsalle a kai, ta kalli fararen duwatsu. "Kai, rabon da in ga hanyar ƙauye mai tsabta haka har na manta."

Oddmund ya gyara wuyan riga. "Muna ɗan taɓa ƙoƙari."

"Kwalliya ce!" Gunnvor ta ce. "Ƙarƙashinta rami ne. Dubi nan." Ta miƙa mata waya, hotunan da ta ɗauka cikin ruwan saman nan.

"Na yaushe ne wannan?"

"Makon jiya."

"Kafin gyara ke nan."

"Ba gyara ba ne, rufa-rufa ce!"

Turid ta juya ga sauran. "To ku da kuke bin ta kullum, kuna da kuka a kan hanyar nan?"

Nan ne fa wurin bayani da baki, irin na masu mutunci. Gunnvor ta zuba wa kawunta ido. Ana jin rafi na gudu a ƙarƙashin ciyawar da aka shimfiɗa masa.

"To... ana wucewa," in ji Eilif.

"Akwai waɗanda tasu ta fi tamu lalacewa," in ji Borghild. "Bai kamata mu shiga gabansu ba."

Oddmund ya yi gyaran murya. Ya buɗe baki, kuma Gunnvor ta rantse ya yi niyyar faɗa. Amma baƙuwa ta riga ta yaba, kuma a shekara tamanin bai taɓa mayar da yabo ya karɓi tausayi ba. "Bututun ya ɗan kwana biyu," ya ce. "Amma hunturu nawa muka gani a kwarin nan? Ba mu saba kai ƙara ba."

"Eilif!" Gunnvor ta daka masa tsawa. "Ba a nan tirelarka ta faɗa ba, muka wuni muna janyo ta?"

Eilif ya sosa ƙeya. "Ai laifina ne wancan. Na matsa gefe da yawa."

Da akwai shebur kusa, Allah kaɗai ya san abin da za a ba da labari. Turid ta lura, ta kama hannun Gunnvor ta ja ta bayan mota.

"Na yarda da ke," ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Na san irin bututun nan, na san abin da ke ciki. Amma ba ni ke raba aiki ba. 'Yan majalisar lardi ne, kuma hoton ranar dubawa suke kallo. Hanya uku kacal za a gyara bana. Kin san abin da na tarar a kwarin da na baro da safe? Sun dasa bishiyar Kirsimeti a cikin ramin hanya, har da fitilu. Me zan ajiye kusa da wannan? Duwatsu masu farin fenti?"

"Ki tona ki gani."

"Da me, da cokalin shayi? Kuma ba ni da izinin fasa hanyar da ke tsaye lafiya. Zan faɗi abin da kika ce. Amma dole in faɗi cewa mace ɗaya ta ce ta lalace, mutum ashirin sun ce ana wucewa."

"Mutum ashirin ɗin ba su da saniya ko ɗaya!"

"Na sani." Turid ta buɗe ƙofar mota, ta tsaya. "Af, ki kuma gaya wa dattijon, taɓa hanyar lardi ba da izini ba laifi ne. Zan yi kamar ban gani ba."

Ka ji fa! Hukumar da ta yi shekaru ba ta zuba ko tsakuwa ɗaya a wurin ba, ita ce ke yi wa mutane alfarmar kau da kai don sun zuba. Gunnvor ta rasa wanda za ta fara shaƙewa, lardin ko danginta. Turid ta karɓi waina a takarda, ta ce ba ta taɓa cin mai daɗinta ba, ta tafi. Borghild ta yi mako tana maimaita wannan yabon a kanti.

Amsa ta zo kamar yadda kowa mai hankali zai zata. An gyara ta masu bishiyar Kirsimeti da wasu biyu. Rognedal sai baɗi, in hali ya yi. Abin da kwarin ya samu na shirin hunturu shi ne abin da yake samu kullum: ɗan kwangila ya zo ya kakkafa jajayen sandunan nan da ke nuna wa motar share ƙanƙara inda gefen hanya yake. Yaransa ba su san kwanar rafi ba. Suka ga kafaɗa mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, sai suka kafa sandunan a bakinta, a kan tsakuwar gayya.

Halvard ya ci gaba da hawowa muddin ƙasa na bushe, yana rungumar gefen tudu in ya zo kwanar. Sai aka yi ruwan ƙarshen kaka, rafi ya cika ya yi aikinsa a ɓoye. Sannan ƙanƙara ta sauka ta rufe komai fari fat. Direban motar share ƙanƙara ya yi abin da aka koya masa, ya bi sanduna. Kafaɗar ta tafi da shi gaba ɗaya. Motar ta kwanta a gefenta cikin rafi, shi kuma ya fito ta taga da ƙafafunsa, yana zagin da ba a taɓa jin irinsa a Rognedal ba.

Abin da lardi ya kasa yi shekara da shekaru, wato zuwa kwanar rafi da gaggawa, ya yi shi a wunin nan. Amma da allo ya zo. An kafa shi tsaf, sabo fil: an hana manyan motoci wucewa. Abin da ya rage na hanyar siriri ne, daidai ƙaramar mota da ƙaramar taraktar da za ta riƙa share shi. Gunnvor ta buga waya. Aka ce mata ƙasa ta daskare, ba a binne bututu sai ƙanƙara ta narke. Ta ce shanu ba sa jiran ƙanƙara ta narke. Aka ce an fahimci damuwarta, an kuma gode da ta kira.

Saniya ba ta san allo ba. Safe da yamma Gunnvor na tatsa, tankin sanyi ya cika, ta buɗe famfo madarar ta bi kwata zuwa ramin taki. Rana ta farko ta tsaya ta kalla. Daga nan sai ta riƙa buɗewa ta fita waje. Ta nemi kamfani ya turo ƙaramar mota, suka ce ba su da ita. Ta nemi wanda zai riƙe mata shanun zuwa bazara, ba mai wurin da zai ɗauki goma sha huɗu a tsakiyar hunturu.

Maƙwabta kuwa ba wanda ya ce uffan. Sai dai ta fito da safe ta tarar da burodi mai ɗumi a bakin ƙofa, ko an share mata ƙanƙarar tsakar gida, ko an faskara itace an jera. Ba mai ƙwanƙwasawa. Ta bar burodin nan a inda aka ajiye shi har hankaki suka gane gidan.

A ƙarshe wani manomi daga can bakin teku ya sayi goma. Huɗun da suka tsufa ba mai so sai mahauta, cikinsu har da Fagerlin, uwar garken, wadda mijinta ya raɗa wa suna. Sai kuma aka zo ga abin dariya, in akwai mai sauran dariya: motocin ɗaukar shanu ma manyan motoci ne. Za su tsaya a ƙasan allo. Sai dai ta kora su da ƙafa.

Ta fito da su da safe, sanyi na cizon hanci. Shanun da suka saba da ɗumin ɗaki suka tsaya suna huci, tururi na tashi daga bayansu. Ta ɗaura wa Fagerlin igiya ta ja ta gaba, sauran suka biyo a jere. Eilif ya aiko cewa zai zo ya taya ta, ta ce in ya kuskura ta gan shi sai ta sakar masa kare.

Hanyar ta bi ta ƙofar kowane gida a kwarin. Ba kowa a waje. Amma labule na motsi, gida bayan gida, kuma Gunnvor ba ta sunkuyar da kai ba. Ta so su gani. Ta so su ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A ƙofar Borghild har ta rage tafiya da gangan, ƙararrawar wuyan Fagerlin na kaɗawa.

Tun ranar da motar shara ta kife take shirya maganar da za ta gaya wa kawunta. Ta tsara ta a wurin tatsa, ta gyara ta a wurin zubar da madara, ta san inda za ta fara da inda za ta soke shi. Za ta gaya masa cewa mutuncinsa ya ci mata shanu goma sha huɗu. Za ta tambaye shi ko yabon baƙuwar ya ƙosar da shi. Za ta ce masa kada ya zo jana'izarta, kada ya zo ya gyara mata kabari don baƙi.

Da ta sha kwanar sai ga shi.

Shi kaɗai ne, da baro da shebur. Yadda ya turo baron nan daga gidansa a kan ƙanƙara, da wannan ƙafar tasa, ba ta sani ba. Hancinsa ya yi ja, gashin bakinsa ya daskare. Siririn wurin da ya rage na hanyar, daga wannan baki zuwa wancan, ya rufe shi da yashi.

"Na ɗan watsa yashi," ya ce. Muryar nan tasa mai cika kwari ta koma ƙarama. "Kada su zame."

Gunnvor ta duba. A gefen da yashin bai kai ba, ruwan rafi ya malalo ya daskare, sumul kamar gilashi, ya gangara kai tsaye zuwa ramin. Ba ta yi tunanin wannan ba. Da ta kawo su haka, da Fagerlin ce za ta fara tafiya, ta ja ta da igiya.

Ta ja saniyar a hankali. Kofato ya kama yashi. Fagerlin ta haye, ta biyu ta haye, ta uku, har maraƙin nan da ya zo a juye yana bin uwarsa. Tsohon ya matsa jikin tudu ya ba su hanya, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, kansa ba gashi a cikin wannan sanyin. Ba wadda ta zame.

Ta rataya igiyar a wuyan Fagerlin ta dawo ta tsaya a gabansa. Ga shi, ga ta, ba kowa. Maganar tana nan cif a bakinta, ba abin da ta manta. Ta ja numfashi ta buɗe baki.

"Na gode, Kawu," ta ji kanta ta ce.

Baƙin ciki ya turnuƙe ta har idonta ya rufe, don ta san daga cutar nan ta kwarin kalmar ta fito, kuma ta san ko yau aka sake, ita za ta sake fitowa.

"Ba komai, 'yar nan," in ji Oddmund. "Ai yi wa kai ne."

Ta juya ta bi shanunta. Can ƙasa da allon, motar mahauta ta riga ta sauke ƙofarta.